Alƙalami da Kyamara: Sharhi a Kan Littattafan da Suka Cancanci Karatu a Fannin Adabi da Zane da Hoto na Afirka ta Yau

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wasu littattafai na adabi da zane-zane da ɗaukar hoto na Afirka ta wannan zamani, waɗanda muke ganin ya kamata malamai su karanta, su kuma ɗora ɗalibansu a kai. Sanin kowa ne cewa jerin littattafan da malami yakan miƙa wa ɗalibi a farkon zango ba ƙaramin abu ba ne. Galibi abin da ɗalibi ya gani a wannan jeri shi zai riƙa a matsayin Afirka, abin da kuwa aka tsallake, to, sai fa in rabo ya haɗa su a wani wuri.

Idan muka dubi yadda ake tsara irin wannan jeri, za mu ga matsaloli biyu. Ta farko ita ce dogaro da kyaututtukan da ake bayarwa a ƙasashen Turai. Alal misali, a shekarar 2021 kaɗai Abdulrazak Gurnah ya sami kyautar Nobel, Damon Galgut ya sami Booker, Mohamed Mbougar Sarr ya sami Goncourt, Paulina Chiziane kuma ta sami Camões. Babu shakka abin farin ciki ne, amma alƙalan waɗannan kyaututtuka suna da nasu ma'auni da nasu masu karatu, kuma littafin da aka rubuta da Hausa ko Wolof ko Gikuyu ba ya zuwa gabansu sai in an fassara shi. Matsala ta biyu ita ce katangar da muka gina tsakanin sassan jami'a. Ɗalibin Hausa yana karanta nasa, na Ingilishi da na Faransanci da na Larabci kowa yana ɗakinsa, shi kuwa ɗalibin zane yana can wani gini dabam. Ɗaukar hoto ma ba ta da ɗaki ko kaɗan a yawancin manhajojinmu, sai dai a ɗauke ta sana'ar biki da suna.

Abin da muke so mu nuna shi ne, marubuta da masu zane da masu hoto na Afirka sun daɗe suna kokawa da tambaya guda: wane ne yake siffanta mutumin Afirka, da wane harshe, kuma a hannun wa siffar take ƙarewa? Saboda haka mun kasa littattafan gida huɗu, kowane gida ya haɗa rubutu da abin kallo. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mu kuwa a nan muna so ne gani da ji su zauna tabarma ɗaya.

2.0 Hoto a Matsayin Makami da Shaida

Za mu fara da ƙagaggen labarin Maaza Mengiste mai suna The Shadow King, wanda ya fito a 2019, ya kuma shiga zagayen ƙarshe na kyautar Booker a 2020. Labarin ya ginu ne a kan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha daga 1935 zuwa 1941. Tauraruwarsa Hirut marainiya ce da ke aikatau a gidan wani babban mutum, Kidane, da matarsa Aster. Bayan Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila a 1936, sai mayaƙan sa-kai suka sami wani talaka makaɗi mai kama da shi, suka sa masa kayan sarauta don su ƙarfafa zukatan jama'a, Hirut kuma ta zama dogariyarsa. Daga nan sunan littafin ya samo asali, wato sarkin da inuwa ce kawai.

Abin da ya sa muka sa wannan littafi a gaba shi ne wani tauraro na biyu, Ettore Navarra, sojan Italiya mai kyamara, wanda shugabansa ya sa shi ɗaukar hotunan fursunoni a lokacin da ake hallaka su. Marubuciyar takan tsayar da labari ta kawo gajeren babi wanda ba kome a cikinsa sai bayanin hoto guda: yadda aka tsayar da mutum, inda idonsa yake kallo, abin da aka rubuta a bayan takardar. Ta haka mai karatu yake gane cewa kyamara ta yi wa mamaya aiki kamar yadda bindiga ta yi, sa'an nan kuma hotunan nan su ne suka zama shaida a kan waɗanda suka ɗauke su. Inda littafin ya yi rauni, a ganinmu, shi ne yawan ƙawata harshe a wuraren da abin da ake faɗa ya isa ya girgiza mutum ba tare da ado ba. Duk da haka ba mu san wani ƙagaggen labari da ya fi shi koya wa ɗalibi karatun hoto ba.

Littafin da ya dace a karanta tare da shi shi ne na Santu Mofokeng na Afirka ta Kudu, The Black Photo Album. Mofokeng, wanda ya rasu a 2020, ya bi gida-gida yana neman tsofaffin hotunan da baƙar fata suka je shago suka biya aka ɗauke su tsakanin 1890 da 1950. Ya nuna su a Johannesburg a 1997, aka buga su littafi a 2013. A ciki za a ga malamai da ma'aikata da matan aure cikin kwat da doguwar riga irin ta Turawan wancan zamani. Waɗannan mutane sun rayu ne a lokacin da hukuma da masu binciken al'adu suke ɗaukar ɗan Afirka hoto a matsayin samfurin ƙabila, ba suna ba asali. Su kuwa sun zaɓi yadda suke so a gan su. Mofokeng bai yanke hukunci ba, sai ya jefa tambayoyi a tsakanin hotunan, ko wannan shiga alama ce ta miƙa wuya ga Bature ko kuwa wata hanya ce ta ƙin yarda da ƙasƙanci. Wannan muhawara ce da ɗalibanmu za su iya yi a kan hotunan kakanninsu.

Na uku a wannan gida shi ne House of Bondage na Ernest Cole, wanda aka buga a Niyok a 1967, gwamnatin wariyar launin fata kuma ta haramta shi. Cole yakan ɓoye kyamara a cikin jakar abinci ya shiga mahaƙar ma'adinai da jiragen ƙasa da ofisoshin fasfo na baƙar fata. Ya bar ƙasarsa a 1966, ya rasu a ƙasar baƙunci a 1990. A 2017 aka gano fim ɗin hotunansa wajen dubu 60 a ma'ajiyar wani banki a ƙasar Siwidin, an kuma sake buga littafin a 2022. Tarihin fim ɗin nan kaɗai ya isa ya kai mu ga gida na biyu.

3.0 Suna da Kasuwa

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a Niyok, inda aka rataye wasu hotuna daga Bamako da bayanin cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya tura André Magnin ƙasar Mali ya nemo mai hoton. Da taimakon Malick Sidibé aka gano cewa aikin Seydou Keïta ne, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya kuma riƙa adana fim ɗinsa cikin tsari. Littafin da Magnin ya shirya a kan Keïta a 1997 shi ne ƙofar da yawancin masu nazari suka bi suka san shi.

Wanda duk ya buɗe wannan littafi zai ga abin da ya saba gani a bangon ɗakin iyayensa. Mace ta kishingiɗa cikin atamfa a gaban wani ƙyalle mai zane, har ba a rarrabe inda tufa ta ƙare labule ya fara. Saurayi ya dafa rediyo, wani ya hau babur, wani ya riƙe fure ko ya maƙala alƙalami a aljihu. Yawancin waɗannan kaya na shagon ne, aro ake ba mai zuwa, domin in kana da kyau ka ƙara da wanka. Ma'ana, mai hoto da wanda ake ɗauka su biyu suke ƙera siffar, kowa da nasa hannu a ciki. Sidibé kuwa fita ya yi daga shago ya bi matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogin Kwara a shekarun 1960 da 1970, shi ya sa hotunansa suka zama tarihin ƙuruciyar ƙasa mai sabon 'yanci. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a shekarun nan. A Ikko kuma J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitso da ɗaurin gashin matan Nijeriya a 1968, har ya tara hotuna wajen dubu, galibi daga ƙeya, don ido ya tsaya a kan aikin makitsiya.

Sai dai akwai abin da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibi kafin ya miƙa masa waɗannan littattafai. Hoton da Keïta ya ba mai shi ƙarami ne, wanda bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, ana sa shi a bango ko a aika wa dangi. Wanda ake gani a gidajen nuni na Turai sabon wanki ne, babba ƙwarai, mai ƙarfin baƙi da fari, wanda aka yi don idon wasu masu kallo dabam. Mutanen da ke ciki kuma yawanci babu sunayensu. Bayan rasuwar Keïta a 2001 har shari'a aka yi a kan wanda yake da ikon wanke hotunan ya sayar. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Littattafan suna da kyau ƙwarai, amma ba su cika tsayawa a kan wannan batu ba.

Wanda ya tsaya a kai shi ne Mohamed Mbougar Sarr na Sinigal, a cikin La plus secrète mémoire des hommes. Ya sadaukar da littafin ga Yambo Ouologuem, ɗan Bandiagara ta Mali, wanda ya ci kyautar Renaudot a 1968 da Le Devoir de violence, daga baya aka zarge shi da ɗibar rubutun wasu, ciki har da Graham Greene da André Schwarz-Bart. Ouologuem ya koma Mali ya yi shiru da harkar adabin Faransanci har ya rasu a 2017. A labarin Sarr, wani matashin marubuci, Diégane Faye, yana bin sawun T.C. Elimane, wanda ya buga littafi guda a Faris a 1938, aka ɗaga shi sama, aka kuma kayar da shi, ya ɓace. Jigon labarin shi ne halin marubucin da yake jiran wata ƙasa ta ba shi suna, wadda kuma za ta iya karɓe sunan duk ran da ta ga dama. Akwai abin mamaki a nan, domin Faris ɗin da littafin ya caccaka ita ce ta ba shi kyauta. Muna kuma ganin ya yi tsawo a inda yake ba'a ga taron marubutan birnin, abin da ba lalle ya dami mai karatu a Kano ko Damagaram ba. Amma in aka karanta shi tare da tarihin Keïta, sai a ga 'yan Mali biyu, ɗaya an nuna aikinsa ba suna, ɗaya an ba shi suna an ƙwace.

4.0 Harshen Rubutu da Harshen Zane

Batun harshen da ya kamata marubucin Afirka ya yi rubutu da shi tsoho ne, kuma babu wanda ya kai Ngũgĩ wa Thiong'o tsayawa a kansa. Ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar bayan gida a kurkukun Kamĩtĩ, inda aka tsare shi daga 1977 zuwa 1978, aka buga shi a 1980. Littafinsa Decolonising the Mind na 1986 ya zama wajibi ga duk mai nazarin wannan fanni, ko da kuwa ba zai yarda da duk abin da ke ciki ba. Ngũgĩ ya rasu a 2025. Boubacar Boris Diop ya bi wannan hanya bayan ziyarar da ya kai Ruwanda a 1998. Ya rubuta Murambi da Faransanci a 2000 a kan kisan kiyashin 1994, sa'an nan ya rubuta Doomi Golo da Wolof a 2003. Ga mu masu nazarin Hausa, wannan muhawara tana da wata fuska dabam, tun da yake rubutu da harshen gida abu ne da aka saba da shi a nan tun zamanin ajami. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda maƙwabta suka yi tasu gwagwarmaya.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, masu zane ma sun yi wannan muhawara, kuma a Zariya aka yi ta. A 1958 wasu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su ce a watsar da abin da malamansu Turawa suke koyarwa ba. Ra'ayinsu shi ne kowa ya koma ga zanen gargajiya na mutanensa ya gauraya shi da dabarun zamani. Okeke ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Wani abokin karatunsu, Jimo Akolo, ya zana mahaya da makaɗan Arewa, ya kuma amfana da adon gine-ginen Hausa. Littafin da ya fi warware wannan tarihi shi ne Postcolonial Modernism na Chika Okeke-Agulu, na 2015, wanda ya nuna cewa zanen wancan lokaci da siyasar neman mulkin kai tafiyarsu ɗaya. Abin kunya ne a ce ɗalibi ya yi shekara huɗu a Samaru ya fita bai ji wannan labari ba.

Mai zanen da muke ganin ya fi kusa da idon Bahaushe shi ne Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatu a Landan a shekarun 1950, da ya dawo gida ya baje zanensa sai ya ga jama'a ba su kula ba. Wannan ya sa ya koma ga abin da mutane suka sani, wato harafin Larabci da allo da adon ƙwarya da tabarma. Ya riƙa warware haruffa har fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka fito daga cikinsu. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. Zane da rubutun da ya yi bayan fitowarsa an buga su a 2018 da sunan Prison Notebook. Muna ba da shawarar a haɗa shi da littafin da Salah Hassan ya shirya don baje kolin aikinsa, wanda ya isa gidan nuni na Tate a Landan a 2013. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar karatu ba ya bukatar tafinta a gaban zanen El-Salahi.

Don samun shimfiɗa mai faɗi akwai Contemporary African Art Since 1980, na Okwui Enwezor da Chika Okeke-Agulu, wanda ya fito a 2009. A nan ne ɗalibi zai haɗu da irin su El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Nsukka tun 1975, mai ɗinke murafen kwalba da waya su zama kamar ƙaton mayafi. Aibin littafin shi ne ya fi karkata ga waɗanda manyan baje koli na duniya suka riga suka sani. Magini da marini da mai ɗinkin hula ba su da wuri a ciki, alhali kuwa su ma a yau suke aiki.

5.0 Mace, Aure da Idon Baƙo

Gida na huɗu shi ne mafi kusa da mu. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta tashi ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar abinci. Aliyu Kamal ya fassara shi da Ingilishi, wata maɗaba'a a Indiya ta buga a 2012. Abin lura ne cewa sai da aka bi ta Indiya kafin masu tsara jerin littattafan Afirka a waje su ji ɗuriyarsa. Ƙarfin littafin yana ga sanin ciki da wajen gidan Bahaushe, da lissafin cefane da kuɗin makaranta, da yadda dangi suke taruwa su sa mace ta haƙura. Ƙarshensa, inda masifa ta sauka a kan miji aka kuma matsa wa Rabi ta koma, ya raba kan manazarta. Wasu suna ganin wa'azi ne, mu kuwa muna ganin marubuciyar ta bar ɗaci a bakin mai karatu da gangan.

A jera shi da Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal ta Marwa a Kamaru, wanda ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makaranta a 2020. Mata uku ne suke ba da labari, Ramla da Hindou da Safira, kowace kuma kalmar da ake maimaita mata ita ce munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Littafin ya fi na Balaraba zafi, amma mazan da ke cikinsa kusan duk fuska ɗaya gare su, abin da ya rage masa zurfi. Sai kuma Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, na 2015, wanda ya ci kyautar adabi ta Nijeriya a 2016. Hajiya Binta, mai shekara 55 wadda mijinta ya rasu a rikicin Jos, ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba mai shekara 25. Mai karatu na waje zai fi ganin abin kunyar. Bahaushe kuwa zai gane cewa gindin labarin shi ne alkunyar ɗan fari, wadda ta hana Binta kiran sunan ɗanta ko nuna masa ƙauna har ya mutu. Wannan misali ne na abin da manazarcin gida zai iya gani wanda alƙalin kyauta a waje zai wuce.

Ta fuskar hoto, akwai Diagram of the Heart na Glenna Gordon, Ba'amurkiya, na 2016, a kan matan Kano marubuta littattafan soyayya. Ta shiga ɗakuna da bukukuwa da kasuwar littattafai, hotunan kuma suna da natsuwa da mutunci. Amma mai kallon da bai iya Hausa ba zai ga marubuciya da bangon littafinta, ba zai san dukkan abin da ta rubuta ba. Don haka littafin rabin zance ne, sai an cika shi da karatun littattafan kansu. Ya kamata kuma a kwatanta shi da aikin 'yan gida, kamar Fati Abubakar, wadda ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015 don ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a Maiduguri, a lokacin da jaridun duniya ba sa nuna kome daga can sai gawa da kango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda bai yoyo.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa littattafan adabi da na zane da na hoto na Afirka ta yau suna amsa wa juna, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar sauran ya ji rabin hira. Mengiste da Mofokeng da Cole sun nuna yadda hoto yake zama makami, yake kuma zama shaida. Keïta da Ouologuem sun nuna abin da kasuwa take yi wa suna. Ngũgĩ da ɗaliban Zariya da El-Salahi sun nemi harshen da mutanensu za su ji. Balaraba da Amal da Abubakar Adam sun kawo tambayar har tsakar gida.

Shawarwarinmu uku ne. Na farko, sassan harsuna da sashen zane su haɗa hannu su tsara darasi guda da za a karanta irin waɗannan ayyuka tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, a ba fassara muhimmanci ta fuska biyu, a juyo Diop da Amal da Sarr zuwa Hausa, a kuma fitar da marubutanmu zuwa wasu harsuna, kuma a karɓi fassara mai sharhi a matsayin aikin kundin digiri. Littattafan hoto da na zane suna da tsada, saboda haka ɗakunan karatu na jami'o'i su ne ya kamata su saye su, ko da kwafi ɗaya ɗaya ne. Na uku, kuma shi ne mafi gaggawa, a tura ɗalibai tsofaffin shagunan hoto na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, su nemi izinin masu su ko magadansu, su rubuta sunan mai hoto da shekara da sunan wanda aka ɗauka tun akwai masu iya shaida fuskokin. Fim ba ya jure zafi da ƙura da gara. Keïta ya tsira ne domin ya adana nasa, amma sai da baƙo ya zo kafin a buga littafinsa. Idan muka yi jinkiri, ko dai kayan su lalace, ko kuwa wata rana mu sayi littafin hotunan iyayenmu da kuɗin waje, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta cewa ba a san mai shi ba.

Muna fata mahalarta wannan taro za su yi gyara a inda ya kamata, su kuma ƙaro sunayen da wannan ɗan jeri bai kai gare su ba. Allah ya sa mu dace.